Yaranki Sun San Turunku Kuwa?

'Yar'uwa, yau idan yara sun dawo daga makaranta, ki tambaye su ina Turunku take. Sunan Sarauniya Amina kam sun haddace shi, amma garin da tarihi ya ce can ne gidansu, da wuya su san shi. Ga shi kuwa a kusa da mu yake. Idan kin fita ta Kawo kika wuce Rigachikun a hanyar Zariya, gaba ake ratsewa. Nan ne hedikwatar ƙaramar hukumar Igabi.

An ce Bakwa Turunku, wadda ta haifi Amina, ta hau gadon sarautar Zazzau wajen 1536, ko da yake wasu sun ce namiji ne. Da jama'a ta yi yawa ruwa ya gaza, sai aka tashi zuwa gindin dutsen Kufena, aka sa wa sabon birnin sunan ƙanwar Amina, wato Zariya. Kadunar da muke taƙama da ita kuwa, sai a 1917 Turawa suka dawo da hedikwatar Arewa cikinta daga Zungeru.

Sarauta ta tafi, noma ya zauna. Masara, dawa da shinkafar yankin Igabi suna cikin abin da muke aunawa a kasuwar Kawo ranar Talata.

Ni a wurin aiki nake haɗuwa da matan yankin. Da damina sukan makara zuwa awon ciki, wata sai cikin ya kai wata bakwai, ido ya yi fari saboda ƙarancin jini. Ba rashin sani ba ne. Girkin 'yan aikin gona yana kanta, kuɗin mota kuma sai kaka ta yi. Rannan a layin awo wata 'yar gayu ta janye jakarta tana cewa "'yan ƙauye". Baiwar Allah ta ji, ta sunkuyar da kai. Irin wannan kalma kan hana mace dawowa asibiti, har sai naƙuda ta zo da gardama.

Don Allah idan kin haɗu da ita a layi, ki matsa mata ta zauna, ki tambaye ta ya gona. Da daddare kuma, idan kin kwashe tuwo, ki faɗa wa yara daga ina masarar ta fito, ki ba su labarin Bakwa.