Mai Zanen Kurkukun Tuol Sleng

Baƙon da ya biyo ta gaban Tuol Sleng a Phnom Penh zai ɗauka makaranta ce ta tafi hutu: benayen ajujuwa, fili a tsakiya, itatuwan kwakwa. Makarantar ce kuwa a da, kafin 'yan Khmer Rouge su ƙwace mulkin Kambodiya a 1975, su mai da ita kurkukun S-21. Kotun da ta bi kadin lamarin daga baya ta tabbatar da cewa mutum sama da 12,000 aka tsare a nan. 'Yan ƙalilan ne suka fita da rai. Yawancin fursunonin an kwashe su da daddare zuwa Choeung Ek, a bayan gari, aka kashe.

Abin da aka fi sanin gidan da shi hotunan fursunoni ne, fuska bayan fuska, galibi da lamba a ƙirji. Ma'aikatan kurkukun ne suka ɗauke su, don haka abin da ma'aikatan suka ga dama kawai suke nunawa. A yawancinsu babu sanda, babu igiya. Sai ka isa ɗakunan da aka rataye zanen Vann Nath za ka ga abin da ya biyo bayan ɗaukar hoton: mutane jere a ƙasa, ƙafafunsu cikin mari guda na ƙarfe, wani an dulmiya kansa a ruwa, uwa ana fizge mata jariri. Na daɗe a gaban na uwar nan, ƙafata ta ƙi ɗaguwa.

Vann Nath mutumin Battambang ne, mai zanen allunan talla da na silima. An kawo shi nan a farkon 1978, an kuma sa sunansa cikin waɗanda za a kashe. Shugaban kurkukun, Duch, ya ba da umarni a bar shi tukuna, domin ana neman mai zana hoton Pol Pot, jagoran Khmer Rouge. Kusan shekara guda yana zana fuskar mutumin da ya hallaka ƙasarsa, yana gyara masa kumatu, yana jin kururuwar fursunoni, ya kuma san ranar da zanen bai gamsar ba kwanansa ya ƙare. Ban ga yadda za a kira irin wannan zane waraka ba. Bauta ce, sai dai Allah ya sa tsirarsa a cikinta.

Sojojin Biyetnam sun shiga birnin a Janairun 1979. Mutumin da ya tsira daga irin wannan wuri, ba wanda zai zarge shi in ya rantse ba zai sake taka ƙofar ba. Shi kuwa ya koma, ya ɗauki burushi, ya shiga zana abin da ya gani da idonsa da abin da sauran waɗanda suka tsira suka ba shi labari. Zanen ba shi da ado, kuma ina ganin da gangan ne: so yake manomin da bai iya karatu ba ya kalla ya gane, kada wani ya zo gobe ya ce ƙage ne. A fim ɗin da Rithy Panh ya fitar a 2003, an nuna shi tsaye gaban tsoffin masu gadin, zanensa a gefe, yana yi musu tambayoyi cikin sanyin murya. Ga dukkan alamu ciwon bai bar shi ba, amma ya sama masa aikin yi, kuma a ganina wannan ma magani ne.

Ba shi kaɗai zane ya ceta ba. Wani fursunan, Bou Meng, ma da zanen hoton Pol Pot ya tsira, amma matarsa da aka kama su tare ba ta fito ba.

A Yunin 2009 Vann Nath ya zama na farko cikin waɗanda suka tsira da ya ba da shaida a kan Duch, a kotun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta mara wa baya. Ya faɗi yadda yunwa ta sa suke cin ƙwarin da ke faɗowa daga rufi, yana magana yana hawaye. An yanke wa Duch shekara 35 a 2010. Vann Nath ya rasu a Satumban 2011, yana fama da ciwon ƙoda, watanni biyar kafin kotun ɗaukaka ƙara ta mai da hukuncin ɗaurin rai da rai.