Ba kowane farin gari a kai ba ne amosani

Shekara da shekaru ina fama da amosani. Nan Anu Araren, da hunturu ya kama, in na kwance rawani sai farin gari ya zubo mini a kafaɗa, ga ƙaiƙayi har tsakiyar darasi. Na ɗora laifin a kan ƙura. Uwargida ta yi ta shafa mini man shanu da man zaitun, abin sai gaba yake.

Wani likita a Agadas ne ya fahimtar da ni. Amosani ba ƙazanta ba ne, kuma ba a ɗaukarsa daga wani. Akwai wata ƙwayar naman gwari, Malassezia, da ke zaune a fatar kan kowa, maiƙo ne abincinta. In fatar mutum ba ta jure mata ba, sai ta yi ta saɓa. Ashe da man zaitun ɗin nan ciyar da ita nake. Ya rubuta mini sabulun wanke kai mai ketoconazole: sau 2 a mako, in bar kumfar minti 5 kafin in ɗauraye, har mako 4, daga nan sau ɗaya a mako saboda yana dawowa. Ya ce in riƙa wanke rawani. Na samu sauƙi.

Daga nan na ɗauki kaina masani. Wata uwa ta nuna mini kan ɗanta da ke ajina, ta ce: "Malam, dubi abin nan." Na ga farin gari, na ce amosani ne, na faɗa mata sunan sabuluna. Kafin wata ya ƙare, gashin yaron ya zube a wurare, tabon ya yi da'ira kamar kwabo, kuma ƙannensa biyu sun kamu. A asibiti aka ce makero ne. Shi ana ɗauka ta aska, tsinken kitso, hula da matashin kai. Sabulu kaɗai ba ya kashe shi, sai an sha magani irin su griseofulvin na makonni 6 zuwa 8. In aka yi sakaci, wani wurin gashi ba zai sake fitowa ba.

Na je gidan na ba ta haƙuri. Ƴan uwana malamai da iyaye, amosani ya fi kama wanda ya balaga. In kuka ga ƙaramin yaro da farin gari a kai, gashi na karyewa, ku kai shi asibiti, kuma kada a yi masa aski da askar da za a sa wa wani.