Ziyarar Rijiyar Kusugu Ta Daura

A hutun da ya wuce maigida ya kwashe mu daga Kano, muka bi ta Kazaure zuwa Daura, don yara su ga rijiyar Kusugu da idonsu.

Tun ina firamare na karanta labarinta. Maciji ne mai suna Sarki ya hana mutanen gari ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Baƙo Bayajidda ya sauka cikin dare, ya nemi ruwa bai samu ba, ya ɗauki guga ya nufi rijiyar, ya sare kan macijin. Sarauniya Daurama ta aure shi, aka haifi Bawo, wanda 'ya'yansa ke cikin tarihin Hausa Bakwai. Masana suna da saɓani a kan labarin, amma ni a zuciyata rijiyar ta kai faɗin tafki.

Da muka isa sai na tarar da ita a cikin gini, bakinta madaidaici, kamar rijiyar tsakar gida. Aka zura guga, aka jawo mana ruwa muka sha.

Babban ɗana, wanda ba ya rabuwa da waya, ya ɗauki hoto ya ce, "Umma, wai wannan muka sha tafiya dominta?" Ya koma kan wasansa. Ƙanwarsa kuwa, da muka karanta labarin tare ana gobe tafiya, ta leƙa, ta ja da baya, ta damƙe gefen hijabina. "Umma, a nan ya tsaya ko? Shi kaɗai, cikin duhu?"

Jikina ya yi sanyi. Rijiya ɗaya ce, amma shi rami ya gani, ita kuwa ta ga gari guda yana fama da ƙishirwa. Karatu ne ya haɗa mata abin da ke gabanta da abin da ido ba ya gani. Kuma ban ga laifin yaron ba, ni ce nake miƙa masa waya don in samu in gama girki.

A hanyar komawa ta dinga ba shi labarin. Ba mu kai Kazaure ba ya ajiye wayar, yana tambaya ina aka kai kan macijin.

'Yar'uwa, kafin ku yi tafiya, ko Daura ko Madina, ki zaunar da yara ku karanta labarin wurin. Allah ya shirya mana zuri'a, amin.