'Yar Tsanar Kara da Ƙyallen Abijan

A Tawa da ƙauyukan arewacin Adar, su Barmu, Kalfu, Afala da Takanamat, yarinya a da ba ta jiran a sayo mata 'yar tsana. Ita ke yin abarta, kuma lokaci ne ke ba ta kayan aiki. Da kaka, in an yanke gero an tara kara, sai ta zaɓi sille mai santsi wanda tsutsa ba ta huda ba. Bayan Babbar Salla ƙashin ƙafar ragon layya ake nema, a kankare shi a shanya bisa danga har maiƙon ya fita. Da damina kuwa ga laka a bakin tafkin Babaye, sai dai wannan ta fi zama harkar yara maza masu gina shanu da raƙuma. A Tawa, garin da aka fara gasar kokowa ta ƙasa a 1975, ba a rasa yaron da zai gina ɗan kokowa mai damtse kamar turmi.

Ta kara ita ce ta kowa. A yanki tsawon taƙi guda, a tsaga samansa kaɗan a gitta siririn tsinke ya zama hannuwa, wasu ma ba su damu da hannun ba. Inda aikin yake shi ne kai. A murza ƙaro ko kakin zuma a ɗora, sannan a riƙa jera baƙin zare sili-sili ana dannawa da ƙaya, har a sami gashin da zai kitsu. A nan yarinya ke yanke shawarar irin macen da za ta fitar. Wata ta yi Ba'adara mai doka da tsakiya a wuya. Wata ta yi Buzuwa, ta lulluɓe ta da baƙin ƙyalle mai shuni irin na matan da ke saukowa daga wajen Abalak ranar Lahadi, ranar da kasuwar Tawa ke ci. Wata kuma Bafillata take so, da zobban waya jere a kunne. Fuska galibi ba a yi. A gidajen malamai ba a son a fitar da ido da baki, amma ba a hana wasan ba, tunda an san Nana A'isha ma ta yi shi da ƙawayenta.

Sai maganar sutura, wadda ta dogara da maza matafiya. Adar ƙasar ci-rani ce. Da an gama aikin gona samari da magidanta sun yi kurmi, yawanci Abijan. In sun dawo da turmin atamfa aka kai wa tela, mu 'yan mata kuma muna tsugune kusa da keken ɗinki muna jiran abin da almakashi ya zubar. Ƙyalle mai faɗin tafin hannu dukiya ne: a fitar da zane, a fitar da ɗankwali, in da saura a yi majanyi. Da ganin 'yar tsana an san gidan da aka yi baƙon kurmi a bana. Wadda babanta bai aiko ba takan yagi bakin tsohon zanen uwarta, kuma sau da yawa tata ta fi kyau, domin ta fi kowa zama a kanta.

Kakanni su ne alƙalai, kuma ba sa sassauci.

"Kishiya, miƙo ɗiyar taki in gani. Wanga ɗaurin zane ko ƙofar gida ba ya kaiwa, zai kwance."

"Kaka, ai ba fita za ta yi ba, amarya ce."

Kuma da gaske ake auren. A biya sadaki da tsingaro, a jera gwangwanayen tumatir a matsayin kayan ɗaki, a dafa tuwon ƙasa, a yi guɗa. Kwana biyu a tara mutane suna.

Farin 1984 ya taɓa har wannan wasa. Gero bai yi ba, ɗan karan da aka samu ya koma abincin dabbobi. A shekarar ne kuma aka fara aikin raya ƙasa na Keita da taimakon Italiya, inda mata suka yi ta ɗaukar duwatsu ana biyansu da abinci, mazan suna nesa. 'Yan mata da yawa a wajen suka sauke ta kara suka goyi ƙannensu.

Daga baya 'yar roba ta cika kasuwa, 'yar ƙasar Sin mai gashi rawaya da rigarta a ɗinke. Ba na kushe ta: akuya ba ta cinta, gara ba ta taɓa ta, kuma ba a yanka yatsa da ɓawon kara wajen yinta. Gardamar ce ta sauya. Da musun wa ta fi iya kitso ake yi har magariba, yanzu duk na unguwar daga kwali ɗaya suka fito, sai dai a tambayi nawa aka saya.