Hodie: Abin da "Yau" ta Latin ta Koya Mini

Cikin bayanau na harshen Latin babu wanda nake yawan waiwaya kamar hodie, wato "yau". Kalmomi biyu ne suka narke suka haife shi: hoc, "wannan", da die, "a rana". Asalin ma'anarsa ke nan, "a wannan rana".

Ita kuwa dies, "rana", saiwarta ta zarce Rum nesa. Masana sun danganta ta da tushen *dyeu- na uwar harsunan Indiya da Turai, mai nufin sararin sama mai haske. Daga nan ne Zeus na Girkawa ya fito, da dyaus na Sanskirit, da gaɓar farko ta sunan Jupiter. Bahaushe ba zai yi mamaki ba, domin shi ma da kalma guda, "rana", yake kiran fitilar sama da kuma yinin da take haskawa.

Yau da gobe ta cinye hodie a bakin jikokin Latin. Ta koma oggi a Italiya, hoy a Sifen, hui a tsohon Faransanci. Da Faransawa suka ga hui ta ƙanƙance, sai suka yi mata ƙari, aka sami aujourd'hui, wadda ake ji kullum a Damagaram da Maraɗi. In an warware ta, "a ranar wannan rana" ake cewa.

Darasin da na fi riƙewa yana wani wuri. Duk mai kunne zai rantse cewa dies da day ta Ingilishi 'yan uwa ne, alhali ba su haɗa kaka ba. Ƙa'idar da Jacob Grimm ya tsara a 1822 ta nuna cewa d ta asali t take komawa a harsunan dangin Jamusanci: duo da two, decem da ten. Kama da wane ba ta wane ba ce.

Shi ya sa nake ɗari-ɗari duk lokacin da aka jera "yau" tamu da yawm ta Larabci don kawai amonsu ya zo kusa. Lahadi, Laraba da Alhamis suna ɗauke da shaidar aro a jikinsu, wato ragowar al- ta Larabci. Ita "yau" sai an fara auna ta da takwarorinta na harsunan Cadi, irin su Bolanci da Ngizim, bisa daidaiton sauti mai maimaituwa, kafin a yanke mata hukunci. Wannan haƙurin ne ya ba nazarin Latin ƙarfinsa, kuma Hausa ta cancanci irinsa.