Rangwamen Jarrabawar Akanta: A Karɓa Ko A Bari?

Tun daga shekarar 1965 da aka kafa ƙungiyar ƙwararrun akantoci ta Nijeriya, wato ICAN, wadda marigayi Akintola Williams ya zama shugabanta na farko, jarrabawarta ta yi suna wajen kayar da mutane. Shi ya sa duk wanda aka ce za a yafe masa wani sashe nata, sai ya ji kamar an sauke masa kaya daga ka. Ƙa'idar kuwa ita ce, wanda ya yi digiri ko babbar difloma a fannin akanta, a makarantar da ƙungiyar ta amince da karatunta, ba sai ya zauna matakin farko ba. Zai cika takarda, ya biya kuɗin rangwame, ya wuce gaba. Haka nan ACCA ta Ingila, a tsarinta na 2018, takan yafe darussa har 9 daga cikin 13, amma ba ta yafe ko ɗaya a matakin ƙarshe.

Akwai wani ma'aikacin baitulmali da ya gama babbar difloma a 2009, bai kuma waiwayi littafi ba sai bayan shekara goma sha biyu, sa'ad da ya ga ƙannen bayansa suna tsallake shi a wurin aiki saboda takardar ƙwarewa. Da aka gaya masa ya cancanci rangwame, ko shawara bai tsaya yi ba. Kuma ba a ga laifinsa ba: ga iyali, ga kuɗin makarantar yara, ga kuɗin darasin dare, alhali albashi bai kai ƙarshen wata. Kowane darasi da aka yafe masa, watannin wahala ne aka rage masa.

To, amma ita ƙungiya zama kawai ta yafe, ba ta yafe sani ba. Masu tsara tambayoyin mataki na biyu sun ɗauka duk abin da ke matakin farko yana kan ɗalibi daram, don haka a kansa suke ɗora gini. Shi kuwa bawan Allah, ƙa'idojin lissafin da ya koya a makaranta na gida ne, waɗanda aka fara maye gurbinsu da na ƙasa da ƙasa, wato IFRS, a 2012. Harajin kayan masarufi da ya haddace kashi 5 cikin ɗari, ya koma kashi 7.5 tun watan Fabrairun 2020. Bugu da ƙari, aikin baitulmalin gwamnati, na biyan albashi da rubuta baucoci, ba ya koya wa mutum haɗa lissafin kamfani da rassansa. Sau biyu yana zaman darasin rahoton kuɗi, sau biyu yana faɗuwa, kowane zama kuma da kuɗinsa.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne, wata yarinya a ofishinsu, wadda ba ta daɗe da gama bautar ƙasa ba, ta karɓi irin wannan rangwame, ta haye darasin a zama ɗaya. Ba wai ta fi shi kai ba ne. Nata karatun ɗanye ne, hannunta kuma bai manta da yadda ake tsere da agogo a ɗakin jarrabawa ba, wanda shi ma fanni ne mai zaman kansa da ba a samunsa sai da zama.

Saboda haka masu cewa karɓar rangwame ragwanci ne ba su yi adalci ba, domin babu dalilin da zai sa sabon ɗalibi ya sake biyan kuɗi a kan abin da ya ci bara. Amma wanda takardarsa ta kwana biyu a akwati, gara ya nemo tambayoyin shekarun baya na darasin da za a yafe masa, ya kulle ƙofa, ya ajiye agogo, ya gwada kansa tukuna. In ya ga hannu ya yi nauyi, ai rangwamen ba tilas ba ne, yana iya zaman darasin.

Shi dai ma'aikacin nan, wani dattijon odita ne ya ba shi shawarar ya dakata da zama na uku. Ya sayo littattafan matakin farkon da aka yafe masa, yana bin su babi-babi bayan sallar lisha, wata shida cur, kafin ya sake biyan kuɗin rajista.