Tebur Mai Gajerun Ƙafafu

 Shugabanninku sun roƙe mu, mu tsofaffi biyu, miji da mata, mu kawo muku kalmar ƙarfafawa ta wannan mako. Karatunmu yana cikin Zakariya 8:4-5 da Markus 10:13-16. Ku buɗe ku karanta tukuna, domin abin da muke da shi kaɗan ne: labarin wani tebur da muka haɗa wa jikanmu, da abin da Ubangiji ya koya mana a gindinsa.

Duk wanda ya tashi a Surko ko Birnin Kudu ko Gwaram ya san jirgin ƙasa ba ya bi ta wajenmu. Rabonmu titin mota ne, babbar hanyar nan da ta taso daga Kano ta ratsa Birnin Kudu ta nufi Maiduguri. Dogo ya iso Kano tun 1911, a 1930 kuma aka kai shi Nguru, amma ta arewa da mu ya bi, ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori, yana kwasar gyaɗa. A 2021 aka ƙaddamar da aikin sabon layin Kano zuwa Maraɗi, wanda aka tsara masa reshe zuwa Dutse. Shi ma iyakarsa Dutse. Shi ya sa yaranmu motar kara da motar langa-langa suka iya ƙerawa, jirgi kuwa sai dai a hoto.

Jikan namu shekararsa 5. A Kaduna aka haife shi, ba nesa da Rigasa ba, inda jirgin Abuja yake tashi tun 2016, don haka kukan jirgi a kunnensa kamar carar zakara yake a namu. Mahaifiyarsa ta kwanta ciwo mai tsawo. Ubansa, ɗanmu na fari, kullum yana tsakanin wurin aiki da asibiti, sai aka kawo mana yaron mu riƙe. Yaron da muka sani da surutu ya zo mana shiru. Kakarsa ta yi ta tsokanarsa, tana cewa, "Angona, ina kuɗin cefane?" Ko murmushi babu. Mun yi addu'a tare da shi safe da yamma, mun kai shi Makarantar Lahadi, yana ji yana gyaɗa kai, amma abin da ke cikinsa ya ƙi fitowa. Tambayarsa ɗaya ce: yaushe jirgi zai zo ya mai da shi gida?

Sai muka ce, tunda jirgi ba zai zo Surko ba, bari mu yi masa nasa a tsakar gida.

Kayan aikin ba su da yawa. Mun sayi falanki mai tsawon ƙafa 4 da faɗin ƙafa 3 a wurin wani kafinta a Birnin Kudu, ya buga masa ɗan bango a gefe huɗu don kada taragu su riƙa zubowa ƙasa. Da ya zo kan ƙafafu, ya tambaye mu tsayin da muke so. Muka tsai da yaron, muka auna daga ƙasa zuwa ƙugunsa, abin ya kama ƙafa 1 da rabi. Kafinta ya yi dariya ya ce, "Baba, wannan ai ba tebur ba ne, yayan kujera 'yar tsugunno ne." Muka ce haka muke so, mai teburin ke nan a gabanka.

Sauran aikin a gida muka yi shi, da yamma bayan an taso daga gona. Layin dogo da tsohuwar wayar lantarki mai kauri muka yi, domin tana lanƙwasuwa a kwana yadda katako ba zai yi ba. Layi biyu ne, kuma dole tazarar da ke tsakaninsu ta zama ɗaya daga farko har ƙarshe. Sai muka yanke ɗan guntun kara ya zama ma'auni. Kafin a buga kowace ƙusa, sai yaron ya sa karan nan a tsakani ya ce ya yi daidai. Haka abin yake a jirgin gaske: tsohon dogon Kano zuwa Nguru faɗinsa milimita 1,067 ne, na Abuja zuwa Kaduna kuwa 1,435, kuma jirgin wannan ba ya hawa layin wancan. Taragu da gwangwanin kifi muka yi su, bayan mun daddake bakinsu da guduma har ba inda zai yanki hannu. Tayoyi murfin kwalba ne, aka soke su da wayar ƙafar keke. Kan jirgin gwangwanin madara ne a kwance a kan guntun katako. Kakarsa ta gina tasha da kara da totuwa, ta yi mata rufi da kwali. Shi kuma ya tsinto wani dutse mai faɗi ya ɗora a kusurwa ya ce Dutsen Mesa ne, har ya zana masa shanu da gawayi, don an ba shi labarin zanen shanun da mutanen dā suka bari a duwatsun Birnin Kudu.

Da aka gama, sai muka ga wani abu. Ba yadda babba zai yi wasa a teburin nan yana tsaye. In ka sunkuya, bayanka ba zai daɗe ba. In ka zauna a kujera, ka yi masa tsayi. Dole ka durƙusa, ko ka zauna a tabarma. Gwiwoyinmu kuwa sun ga shekaru.

Ku dubi al'adarmu. Yaro ne ke durƙusa wa babba. Da haka aka rene mu, da haka muka reni iyayenku, kuma ladabi ne mai kyau da ba ma so ya ɓace. Amma a gindin wannan tebur, kaka ne a durƙushe, jika yana tsaye yana ba da umarni: "Kaka, kai ne mai sayar da tikiti. Kaka, ke fasinja ce." Idonmu da nasa suka zama a layi ɗaya. A nan ne bakinsa ya buɗe. Ya cika tarago da tsakuwa ya ce maganin Mama ne, za a kai Kaduna. Ya kwantar da wani guntun totuwa a tasha ya ce wannan ba ta iya tashi ta hau jirgi. Wata rana, yana tura jirgin, bai ko dube mu ba, ya ce, "In mun yi addu'a a Surko, Allah yana ji a Kaduna?" Muka ce yana ji, domin Allahn da ke nan shi ne a bakin gadon Mama a daidai wannan lokaci. Ya ce to a yi yanzu. Da ma a durƙushe muke, sai muka yi.

Wannan tambaya ta yi makonni a cikin yaron. Ba ta hau zuwa inda muke ba, sai da muka sauko inda take.

Ku koma ga Markus 10. Mutane sun kawo yara wurin Yesu, almajirai suka tsawata musu. Ba mugunta ce ta sa su ba. A ganinsu Malam yana da manyan ayyuka, yara su jira. Amma ran Yesu ya ɓaci, ya sa a bar su su zo, ya rungume su, ya sa musu albarka. Wanda ya taɓa ɗaukar ƙaramin yaro ya san ba a yin haka sai an sunkuya. Dukan Bishara kuwa labarin sunkuyawa ce. Allah bai tsaya a sama yana ƙwala mana kira mu hau ba. Ya auna tsayinmu, ya sauko daidai da shi. An haife shi a inda dabbobi ke kwana, mutanen Nazarat sun san shi a matsayin masassaƙi, a daren da aka bashe shi kuma ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa. Daga nan ya ƙara sauka har gicciye. In Ubangijin ɗaukaka bai ji kunyar wannan ba, mene ne girmanmu da zai hana mu zama a tabarma da ɗan shekara 5?

Zakariya kuma ya yi magana da mutanen da suka dawo daga bauta a Babila suka tarar da Urushalima kufai. Da Allah ya so ya nuna musu yadda birnin zai zama in ya komo ya zauna a cikinsa, hoton da ya ba su shi ne na tsofaffi maza da mata zaune a dandali da sandunansu, yara kuma sun cika tituna da wasa. Ashe wasan yara a gaban tsofaffi ba ɓata lokaci ba ne a wurin Allah. Alama ce ta salama.

To, ku fa, matasa? Ba ku kai ga jikoki ba, amma akwai ƙanne a gidajenku, akwai yaran Makarantar Lahadi, akwai marayu da yaran da aka bar wa kakanni domin iyaye sun tafi neman abinci Kano ko Abuja ko Legas. Da yawansu suna ɗauke da tambayoyin da ba wanda ya ji. Ku ne kuka fi kusa da tsayinsu, gwiwoyinku kuma da sauran ƙarfi. Mun san abu mafi sauƙi shi ne a miƙa wa yaro waya ya yi shiru. Zai yi shirun, amma waya ba za ta ji tambayarsa ba, ba kuma za ta yi addu'a da shi ba. Manzo Bulus ya shaida cewa bangaskiyar Timoti ta fara zama ne a cikin kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afiniki. A gida ta same shi, ta hannun waɗanda suke zama kusa da shi kullum.

Ga abin da muke roƙonku a wannan mako. Kowa ya zaɓi yaro ɗaya. Ba sai kun sayi falanki ba, kara yana nan a kowace gona bayan girbi. Ku ƙera mota ko jirgi ko gida tare da shi, ku ba shi aikin da zai riƙe da hannunsa, ku kula da ƙusa da bakin gwangwani da ƙananan abubuwan da na goye zai iya haɗiyewa. Ku zauna a ƙasa. Kada ku yi saurin wa'azi. Ku saurara, in tambaya ta fito ku amsa da gaskiya, in ta fi ƙarfinku ku kai ta ga Ubangiji tare da shi. Muna kuma roƙon ku sa surukarmu cikin addu'o'inku, domin har yanzu tana jinya.

Mu yi addu'a. Ya Uba na sama, mun gode maka da ka sauko inda muke ta wurin Ɗanka Yesu Almasihu. Ka cire mana girman kan da ke hana mu durƙusawa. Ka buɗe kunnuwanmu ga ƙananan da ka sa a hannunmu. Ka taɓa marasa lafiya, ka ta'azantar da yaran da ke nesa da iyayensu, ka ba ƙasarmu salama har tsofaffi su zauna a ƙofar gida ba tsoro, yara kuma su cika dandali da wasa. A cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.